Me Ya Hana Hanibal Kama Birnin Rum?

"Assalamu alaikum Malam. Na sha jin labarin wani sarkin yaƙi daga Afirka mai suna Hanibal, wanda aka ce ya haye duwatsu da giwaye ya shiga Italiya, ya karkashe rundunonin Rumawa ba sau ɗaya ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in har ya fi su iya yaƙi haka, me ya hana shi shiga birnin Rum ya gama da su? Yaya aka yi reshe ya juye da mujiya, har garinsu Kartaj ne aka rushe? Sannan ina so in sani, mutanen Kartaj ɗin nan 'yan Afirka ne da gaske?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka ɗaure da igiya ɗaya: asalin mutanen Kartaj, dalilin da ya hana Hanibal kama birnin Rum duk da nasarorinsa, da yadda aka yi garinsa ya ƙare a toka. Ta tsakiyar ita ce ɗalibaina suke yi mini kusan kowace shekara idan muka iso wannan babi, kuma amsarta ba ta fitowa sarai sai an dubi yaƙe-yaƙe uku da aka gwabza tsakanin Rum da Kartaj daga shekara ta 264 zuwa ta 146 kafin Miladiyya. Ka riƙe cewa shekarun kafin Miladiyya da baya-baya ake ƙidaya su, don haka 264 ta riga 146, kuma duk shekarar da zan ambata ta wannan lissafi ce sai inda na bayyana akasin haka. Ka kuma bambanta waɗannan Rumawa da waɗanda aka ambata a Suratur Rum. Waɗancan jikokin daular ne na ɓangaren gabas, masu fada a birnin da ake kira Istanbul yau, kuma tsakaninsu da zamanin Hanibal akwai shekara wajen 800.

Akwai wani abu da ya wajaba mai amsa ya faɗa tun da fari. Labarin nan kusan gaba ɗayansa ta bakin masu nasara ya iso gare mu. Madogararmu mafi ƙarfi shi ne Polibiyus, Bagirke da aka kai Rum a matsayin jingina a 167, ya zama aminin kwamandan da ya rushe Kartaj, kuma ya ga rushewar da idonsa. Bayansa sai Lifiyus, Barume da ya yi rubutu shekara kusan 200 bayan Hanibal. Littattafan da Kartajawa suka rubuta da hannunsu sun salwanta, haka ma na Girkawan da suka yi tafiya tare da Hanibal suna rubuta tarihinsa. Saboda haka duk inda na kawo adadin matattu ko wata magana da aka danganta wa wani, ka ɗauke ta a matsayin abin da waɗannan marubuta suka ruwaito.

Su wane ne Kartajawa

Kartaj tana bakin teku, a wajen birnin Tunis na yanzu. Finikiyawa ne suka kafa ta, 'yan kasuwar teku daga birnin Sur da ke Labanan ta yau, kuma shekarar da aka saba bayarwa ita ce 814. Da harshensu sunan garin Ƙart Hadasht, wato sabon birni. Harshen ɗan'uwan Ibrananci ne na kusa, dangin Larabci kuma, shi ya sa mai jin Larabci zai ji ƙamshin kalmar "hadis" mai ma'anar sabon abu a cikin sunan. Sunan Hanibal kansa yana nufin tagomashin Ba'al, gunkin nan da Alƙur'ani ya ambata a ƙissar Annabi Ilyasu.

Kakanninsu daga gabas suka zo, amma lokacin da aka haifi Hanibal a 247 garin ya yi fiye da shekara 500 a ƙasar Afirka, ana auratayya da mutanen wurin, ana noman alkama da zaitun da inabi a kwaruruwan Tunisiya. Mafi ƙarfin dakarun Hanibal Libiyawa ne, kuma baradensa da suka fi razana Rumawa mutanen Numidiya ne, wato gabashin Aljeriya ta yau, masu hawan doki ba sirdi ba linzami. Dukansu Barbar ne, dangin Abzinawan da muke maƙwabtaka da su ta fuskar harshe. A ganina wanda ya kira Kartaj daular Afirka bai yi kuskure ba, muddin ya san tushenta na Finikiya.

Abin da ya fi muhimmanci ga tambayarka shi ne yadda kowace daula take samun mayaƙa. Kartaj tana karɓar gandu mai nauyi daga talakawan Libiya, har an ruwaito cewa a lokacin yaƙin farko rabin amfanin gonarsu take kwashewa. Da wannan dukiya da ribar fatauci take ɗaukar sojojin haya daga Sifaniya da ƙabilun Gol (yankin Faransa da arewacin Italiya na yau) da tsibiran Baliyar masu harbi da majaujawa, 'ya'yan gari kuma suna riƙe da kwamandanci da jiragen ruwa. Rum ta bi wata hanya dabam. Duk garin da ta ci a Italiya, sai ta bar masa sarautarsa da dokokinsa, ba ta ɗora masa harajin kuɗi, sharaɗinta shi ne ya ba ta samari duk lokacin yaƙi, su kuma samu rabonsu na ganima. Wasu garuruwan ta ba su matsayin 'yan ƙasa, ta kuma dasa garuruwan 'ya'yanta masu ganuwa a kan manyan hanyoyi. Ƙidayar da aka yi a 225, kamar yadda Polibiyus ya kawo, ta nuna Rum da ƙawayenta suna da mazan da za su iya ɗaukar makami fiye da 700,000 a ƙasa da 70,000 a kan doki. Ka riƙe wannan adadi, za mu dawo gare shi.

Yaƙin farko: manoma a kan teku

Garuruwan biyu sun daɗe suna zaman amana, akwai yarjejeniya tsakaninsu tun 509. Tsibirin Sisili ne ya haɗa su faɗa. Wasu tsofaffin sojojin haya da suka ƙwace garin Mesina sun nemi taimakon Kartaj, sannan suka juya suka nemi na Rum, kuma a 264 rundunar Rum ta haye siririn mashigin ruwan da ya raba Italiya da tsibirin. Yaƙin da ya biyo baya ya ɗauki shekara 23.

Rumawa manoma ne, ba su da rundunar ruwa ta a zo a gani, abokan gabarsu kuwa su ne sarakunan teku. Sai suka samu wani jirgin yaƙin Kartaj da ya kafe a gaɓa, suka kwaikwayi ƙirarsa, suka sassaƙa jirage 120 a 260, ana koya wa matuƙa tuƙi a kan benci a tudu kafin jiragen su kammala. Da yake sun san ba za su kai Kartajawa gwanintar juya jirgi ba, sai suka ƙera wata gada mai ƙaton ƙusa a bakinta, wadda suke sakewa ta cake jirgin abokin gaba, sojoji su tsallaka a yi yaƙin takobi kamar a tudu. Da wannan dabara suka yi nasara a Milai a shekarar. A 256 suka sauke runduna a Afirka ƙarƙashin Regulus, amma wani kwamandan haya daga garin Sparta na Girka mai suna Zantifus ya tarwatsa ta da giwaye da barade a shekarar da ta biyo. Jiragen da suka je kwaso waɗanda suka tsira kuwa guguwa ta far musu a kudancin Sisili, cikin 364 guda 80 kacal suka kai gida. Aka sake gina wasu, guguwa ta sake cin su, aka kuma sha kashi a Direfana a 249.

A nan nake tsayar da ɗalibai in ce su lura, domin halin da ya kayar da Hanibal daga baya a nan ya fara bayyana. Daular da ta yi irin wannan asara, a al'adar wancan zamani, sulhu take nema. Rumawa kuwa, da baitulmalinsu ya ƙare, attajiransu ne suka ba da rancen da aka gina jirage 200, bisa sharaɗin ba za a biya su ba sai an yi nasara. Waɗannan jirage ne suka murƙushe rundunar ruwan Kartaj a tsibiran Egadi ranar 10 ga Maris, 241. A 'yan shekarun nan masu binciken ƙarƙashin teku sun tsamo bakunan tagulla na tunkuyin jirage daga wurin, wasu da rubutun Latin, akwai kuma mai rubutun Finikiya. Kartaj ta bar Sisili, ta amince da biyan talanti 3,200 na azurfa cikin shekara 10. Talanti ɗaya kimanin kilo 26 ne, jimillar ta haura tan 80 ke nan.

Abin da ya biyo baya ya fi asarar Sisili ciwo. Kartaj ta kasa biyan sojojin hayarta, suka yi tawaye, talakawan Libiya da haraji ya gallaba suka mara musu baya, aka yi fiye da shekara uku ana yaƙin rashin imani kafin Hamilkar Barka, mahaifin Hanibal, ya kashe wutar. Rum ta ga Kartaj a galabaice, sai ta ƙwace tsibirin Sardiniya, ta kuma ƙara mata tarar talanti 1,200. Polibiyus, duk da kusancinsa da Rumawa, ya ce wannan zalunci ne, ya kuma lissafa shi cikin manyan dalilan yaƙi na biyu. A 237 Hamilkar ya tafi Sifaniya inda ma'adinan azurfa suke, ya tafi da Hanibal yana ɗan shekara 9, bayan ya sa shi rantsuwa a wurin yanka cewa ba zai taɓa zama aminin Rum ba. Laƙabin Barka, af, ba barkarmu ta gaisuwa ba ce, yawancin masana suna fassara shi da walƙiya. Hanibal ya karɓi jagorancin rundunar Sifaniya a 221 yana ɗan shekara 26, ya yi wa garin Sagunto mai ƙawance da Rum ƙawanya na wata takwas a 219, yaƙi ya ɓarke a 218.

Daga Alps zuwa Kannai

Tunda teku ta koma hannun Rum, ta ƙasa Hanibal ya bi. Ya taso daga Kartajena a Sifaniya, ya haye duwatsun Firenis da kogin Ron da giwaye 37, ya yi kwana 15 yana ratsa duwatsun Alps cikin ƙanƙara da harin ƙabilun dutse. Masana har yau suna saɓani a kan mashigin da ya bi. Adadin da ya sauka da shi Italiya kuwa muna da shi daga rubutun da shi kansa ya sa aka zana a allon tagulla, wanda Polibiyus ya karanta: dakaru 20,000 da barade 6,000. Ka kwatanta wannan da adadin da na ce ka riƙe.

Giwayen da suka yi suna a labarin ba su daɗe ba. Sun yi aiki a yaƙin kogin Tirebiya a Disambar 218, sanyin hunturu ya kashe su saura ɗaya, kuma a manyan nasarorinsa biyu na gaba babu giwa a sahun yaƙi. A Yunin 217, bayan ya rasa ido ɗaya saboda ciwon da ya kama shi a fadamun kogin Arno, ya yi wa rundunar Filaminiyus kwanton ɓauna cikin hazo a bakin tafkin Tirasimen, aka kashe kimanin 15,000 har da Filaminiyus kansa. Rumawa suka damƙa iko na wata shida ga Fabiyus Maksimus, wanda ya ƙi yarda a haɗu gaba da gaba. Yana bin Hanibal ta kan tuddai, yana kama masu fita neman abinci, yana sa manoma su kwashe hatsinsu. Jama'a suka kira shi matsoraci, suka zaɓi shugabanni biyu, Faulus da Baro, da za su yi karon battar ƙarfe.

Ranar 2 ga Agusta, 216, a filin Kannai kusa da kogin Ofanto, Rumawa suka jera dakaru wajen 80,000 da barade 6,000. Hanibal, wanda mutanen Gol suka ƙara wa ƙarfi bayan isowarsa Italiya, yana da dakaru 40,000 da barade 10,000. Ya sa mutanen Gol da Sifaniya a tsakiya, sahunsu ya turo gaba kamar bayan baka, ya ajiye Libiyawa masu sulke a gefe biyu, barade kuma a can ƙarshen fikafikai. Rumawa suka danno tsakiya da nauyinsu, tsakiyar ta riƙa ja da baya a hankali ba tare da ta tsinke ba, har bakan ya juye ya zama ƙwarya. Sai Libiyawa suka juyo daga dama da hagu, baradensa kuma, waɗanda suka riga suka kori na Rumawa, suka rufe ta baya.

Shekaru na yi ina zana wannan a allo ɗalibai suna kwafa ba tare da ya shige su ba, domin kullum wani zai tambaya yadda kaɗan za su yi wa masu yawa zobe. Daga baya na riƙa fitar da aji fili. In sa mutum 40 su cure su tura gaba, in sa 20 su ja da baya su zagaye su, sannan in ce na tsakiya su ɗaga hannu kamar za su kai sara. Ba sa iyawa, kafaɗa ta matse kafaɗa, kuma ba sa ganin abin da ke faruwa a gefe. Na bakin zoben kaɗai ke iya faɗa, yawan na ciki ya zama musu kaya. Lifiyus ya ce Rumawa da ƙawayensu 48,200 aka kashe a yini guda, Polibiyus ya kai adadin 70,000, kuma yawancin masana na zamani sun fi karkata ga na Lifiyus. Faulus ya mutu a wurin tare da 'yan majalisar dattawa wajen 80. Asarar Hanibal tsakanin 6,000 ne zuwa 8,000.

To me ya hana shi wucewa Rum

Lifiyus ya ruwaito cewa shugaban baradensa, Maharbal, ya nemi izinin wucewa gaba, yana cewa cikin kwana biyar za su ci abinci a tsakiyar Rum, da Hanibal ya ƙi sai ya ce masa ya iya cin nasara amma bai iya amfani da ita ba. Maganar tana da daɗin ji, ita ce kuma ta haifi tambayarka. Ni ban yarda Hanibal ya yi kuskure a ranar ba.

Tsakanin Kannai da Rum akwai kimanin kilomita 400, tafiyar makonni ga runduna mai ɗauke da dubban raunana. Birnin yana da ganuwar dutse mai tsawon kilomita 11, kuma barade ba sa hawa ganuwa. Ƙaramin gari irin Sagunto wata takwas ya ci masa, a ƙasar da yake da iko da hanyoyin abinci. In ya kafa sansani a gindin Rum, rundunarsa da take ci daga abin da ta kwasa a gonaki za ta cinye kewayen cikin ɗan lokaci, garuruwan Latin masu ganuwa, wato waɗanda Rum ta dasa a kan hanyoyi, suna bayansa, rundunonin Rum da ke Sifaniya da Sisili da Sardiniya da arewacin Italiya kuma suna nan daram. Ƙarfinsa yana cikin motsi da zaɓen filin da yake so, zaman ƙawanya kuwa zai raba shi da duka biyun.

Bayan haka, kama birnin ba ya cikin shirinsa tun asali. Shaida a kan haka tana cikin aikinsa. Bayan Tirebiya da Tirasimen ya riƙa sakin fursunonin da suka fito daga garuruwan ƙawayen Rum ba tare da fansa ba, yana gaya musu cewa da Rum yake faɗa, ya zo ne ya 'yanta su. Yarjejeniyar da ya ƙulla da sarki Filibus na Biyar na Masedoniya a 215, wadda nassinta ya iso gare mu, tana magana a kan sharuɗɗan da za a gindaya wa Rumawa bayan yaƙi, ke nan ana sa ran Rum za ta ci gaba da wanzuwa. Hanibal ya gane cewa ƙarfin Rum yana cikin ƙawayenta, ya ƙudura ya kwance wannan dami kara-kara har Rum ta koma gari ɗaya cikin garuruwan Italiya, ta nemi sulhu, ta mayar da Sisili da Sardiniya. Haka ake ƙare yaƙi a duniyar da ya sani: a yi babban karo, wanda aka kayar ya aiko manzanni.

Manzannin ba su zo ba. Shi ne ma ya aika da nasa tare da fursunoni goma don a yi maganar fansa, majalisar dattawa ta hana manzon shiga gari, ta kuma ƙi fansar 'ya'yanta. Ta taƙaita zaman makoki zuwa kwana 30, ta sayi bayi 8,000 ta ba su makamai, ta fita ta tarbi Baro, wanda ya tsira daga filin, tana yi masa godiya da bai yanke ƙauna daga ƙasarsa ba. A Kartaj kwamandan da ya sha irin wannan kaye yana iya ƙarewa a kan gungumen gicciye. Cikin shekara huɗu ko biyar Rum ta kai ga riƙe runduna 25 a fagage daban-daban. Hausawa suka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, sai dai a nan yawan ya samu shugabannin da suka ƙi amincewa an ci su.

Shirin Hanibal ya yi aiki rabi. Kapuwa, gari na biyu a girma a Italiya, ta koma gare shi, haka yawancin kudu, Tarento ta bi a 212, Sirakus a Sisili ma ta juya wa Rum baya. Amma tsakiyar Italiya ba ta motsa ba, kuma ko a 209, lokacin da garuruwan Latin 12 cikin 30 suka ce sun gaji ba su da sauran samarin bayarwa, ba su koma wajensa ba, sauran 18 kuma suka ci gaba da bayarwa. Sababbin ƙawayen nasa sun zame masa nauyi, domin sun shigo ne bisa sharaɗin ba zai tilasta musu aikin soja ba, alhali wajibi ne ya kare su. Shi mutum ɗaya ne da runduna ɗaya. In ya tafi ceton wannan gari, Rumawa su kewaye wancan. A 211, don ya janye su daga Kapuwa, ya taso har kusa da ganuwar Rum, suka ƙi janyewa, Kapuwa ta faɗi. Sirakus ta riga ta faɗi, inda aka kashe masanin lissafi Arkimidis. Daga gida kuwa, taimako mai ma'ana sau ɗaya ya iso masa ta teku, a 215. Ana yawan zargin majalisar Kartaj da hassada, kuma akwai masu adawa da gidan Barka a cikinta, amma ta aika da runduna Sifaniya da Sardiniya da Sisili. Azurfar Sifaniya ce take biyan kuɗin yaƙin, don haka kare ta ba wauta ba ne.

A Sifaniyar ne aka karya shi. Wani saurayi mai suna Sikipiyo, wanda mahaifinsa da baffansa suka mutu a can a 211, ya karɓi runduna yana ɗan shekara 25, ya kama Kartajena a 209, ya kammala korar Kartajawa bayan yaƙin Ilipa a 206. Hasdurubal, ƙanen Hanibal, ya haye Alps da runduna ta biyu, amma aka kama masu ɗauke da wasiƙarsa, aka tare shi a kogin Metauro a 207, kuma Hanibal ya samu labari ne lokacin da aka jefo kan ƙanensa cikin sansaninsa. A 204 Sikipiyo ya sauka Afirka, ya jawo Masinisa, yariman Numidiya, zuwa ɓangarensa. Aka kira Hanibal gida a 203 bayan shekara 15 a Italiya. A filin Zama a 202 yana da giwaye 80, sai Sikipiyo ya bar musu hanyoyi tsakanin sahu suka wuce, kuma a wannan karo baraden Numidiya mafi yawa suna ɓangaren Rum. Su ne suka dawo suka far wa Hanibal ta baya, kamar yadda nasa suka yi a Kannai. Sulhun 201 ya ɗora wa Kartaj talanti 10,000 cikin shekara 50, ya bar mata jiragen yaƙi 10, ya kuma hana ta yin yaƙi ko a Afirka sai da izinin Rum. Hanibal ya shugabanci garinsa a 196, ya gyara harkar kuɗi, maƙiyansa suka kai ƙararsa Rum, ya yi gudun hijira gabas, ya sha guba wajen 183 a ƙasar da take cikin Turkiyya ta yau don kada a miƙa shi.

Yaƙi na uku

Wannan ina jin nauyin kiransa yaƙi. Kartaj ta farfaɗo ta hanyar noma da kasuwanci, har ta nemi biyan bashin gaba ɗaya tun a 191, Rum ta ƙi karɓa. Shekara hamsin Masinisa yana yagar ƙasarta, duk ƙarar da ta kai Rum sai a goyi bayansa. Dattijo Kato, ɗan majalisar dattawan Rum wanda ya yi yaƙi da Hanibal yana saurayi, ya ziyarci garin ya ga arzikinsa, ya dawo ya nuna wa majalisa ɗanyen ɓaure yana cewa ƙasar da ta fitar da shi tafiyar kwana uku ce kawai a teku, kuma daga nan duk jawabin da ya yi sai ya rufe da cewa wajibi ne a rushe Kartaj. Akwai dattawan da suka yi masa musu, irin su Sikipiyo Nasika. Da Kartajawa suka gaji suka ɗauki makami a kan Masinisa a 150, suka kuma sha kaye, Rum ta samu hujjar da take jira.

A 149 aka nemi su ba da 'ya'yan manya 300 jingina, suka bayar. Aka nemi makamansu, suka miƙa sulke da kayan yaƙi na mutum 200,000 da injinan harba duwatsu 2,000. Sai da hannunsu ya zama wayam aka gaya musu sharaɗi na ƙarshe: su bar garin a rushe shi, su koma kimanin kilomita 15 daga teku. Ban san sunan da ya dace da wannan ba in ba cin amana ba. Mutanen suka rufe ƙofofi, suka mayar da gidajen ibada maƙera, mata suka yanke gashinsu aka tufka igiyoyin injinan harbi, suka jure shekara uku. A bazarar 146 Sikipiyo Emiliyanus, jikan riƙo na wanda ya yi nasara a Zama, ya kutsa ta tashar jiragen ruwa, aka yi kwana shida ana faɗa gida-gida a titunan da suka hau tudun Birsa. Mutum 50,000 da suka rage aka sayar da su bayi. Polibiyus, da yake tsaye kusa da shi, ya ce Sikipiyo ya yi kuka yana kallon wutar, yana tsoron ranar da irin haka za ta sami garinsa. Labarin cewa an barbaɗa gishiri a ƙasar don kada ta sake tsiro babu shi a rubutun mutanen da, marubutan baya-bayan nan ne suka ƙara shi.

Yankin ya zama lardin Rum mai suna Afirka, sunan da Larabawa suka mayar Ifriƙiya, wanda daga baya ya game nahiyar duka, kamar yadda tekun da aka yi faɗa a kansa muke kiransa Bahar Rum har yau. Harshen Kartajawa bai mutu tare da garin ba, ana jin sa a ƙauyukan gabashin Aljeriya har ƙarni na 5 na Miladiyya. Bayan fiye da shekara 100 Rumawa suka sake gina birni a wurin, suka sare kan tudun Birsa don su samu fili, suka zuba ƙasar a gangarensa. Wannan ƙasa ce ta binne wata unguwa ta zamanin ƙarshe na Kartaj ta kuma adana ta, kuma da masu haƙar tarihi suka tone ta sun tarar da gidaje da tituna da rijiyoyin tara ruwan sama, da shimfiɗar toka ta gobarar 146 a kansu.